Fitilar da Ke Shanye Batir

A wani gareji a garin Ipoh na ƙasar Malesiya, wani tsoho na tsaye jikin motarsa mai gado da kicin, riga sharkaf da gumi. Da gani motar ce gidansa yanzu. Kullum safiya batir a mace, mota ta ƙi tashi. Rozaimi bakanike na bin wayoyi ɗaya-ɗaya, har wata siririya ta kai shi ciki: 'yar jar fitila ce ke ci dare da rana gaban hoton wata mata da tulun tokar gawarta da aka ƙona.

"Kawu, ga mai shanye maka wuta. In cire?"

Tsohon ya cafke masa hannu.

"Cire firij, ɗana, cire fanka. Ita ba ta iya barci cikin duhu."