Hammatar Rigar Ɗan Tsalle

Tela bai iya zama wuri ɗaya ba. Shekara talatin da ɗoriya yana taka keken ɗinki, har ƙafarsa ta dama ta saba. Ko a layin asibiti aka ajiye shi, sai ka ga tana ta taka iska. Matarsa takan ce ranar da ƙafar nan ta tsaya, a kira likita kawai.

'Ya'yansa huɗu, amma autar ce kaɗai ta gaji hannunsa. Tana 'yar shekara sha biyu ta iya yanka wuyan riga ba tare da ta ɓata yadi ba. Ita ya yi wa tanadin shagon. Sai ta tashi ta ce ita zanen wasannin kwamfuta za ta yi. Ya faɗa mata maganganu, ita ma ba ta bar ta kwana ba, don bakinsa ta ɗauko. Wata goma sha huɗu ke nan ba su yi magana ba. Abin yana cin sa, girman kai kuma ya hana shi ɗaga waya.

Matar ce ta gaya masa an baje kolin yadda ake tsara irin wasannin a gidan adana kayan tarihi, har da aikin yarinyar. Ya ce shi ba yaro ba ne. Washegari da hantsi ya rufe shago, wai zai je sayen zare.

Zauren baje kolin bai yi masa ba. Ƙara ta ko'ina, alluna sai walƙiya, tsofaffin na'urori a cikin gilashi, mutane suna danne-danne kamar an biya su. Ya zagaya sau biyu da sauri, ya nufi ƙofa, ya sake dawowa. A lungu na ƙarshe ya ga sunan 'yarsa.

Zane ne a takarda, na rigar wani ɗan mutum mai tsalle a cikin wasan. Ta fitar da gaba daban, baya daban, hannu daban. A gefen kowanne ta bar rarar yatsa biyu don ɗinki, kamar yadda ya koya mata, alhali rigar ba za ta taɓa ganin allura ba. 

Bai san lokacin da ya zaro tef ɗin awo daga aljihu ya ɗora a kan gilashin da ya rufe zanen ba. Mai gadi ta matso ta ce, Baba, ba a taɓawa. Ya ba ta haƙuri, amma ya riga ya ga abin da ya gani: hammatar ta matse.

A bakin matakala ya yi ta kai da kawowa, wayar a hannu. Ya danna lambar 'yarsa, ya kashe, ya sake dannawa. Ta ɗauka. Duk abin da ya shirya ya gudu.

"Hammatar rigar nan ta matse," in ji shi. "Mutum mai tsalle, ta yaya zai ɗaga hannu?"

Ya duba wayar ko layin ya yanke.

"Baba," ta ce, "zuwa ka yi?"

"Zare na fito saye."

"To nawa zan ƙara?"

Ya share ido da bayan hannu. "Zo shago da takardar, in nuna miki."