Isuhu Abdu biyu, layi ɗaya

"Ka ce na karɓa?" Tsohon ya sake tambayata, hannunshi bisa teburi.

Jiya ke nan a Tchaké, wajen rabon irin hatsi. An yi ruwan shuka, kowa na sauri kafin ƙasa ta bushe. Ni na tsara tablo, wato jadawalin sunaye, da koperatif ɗin manoma ke aiki da shi a odinater, na'ura mai ƙwaƙwalwa. Har wata dabara na sa mashi: in ya ga suna ɗaya sau biyu a gari ɗaya, ya haɗe su layi guda.

Na sake buga sunan tsohon, Isuhu Abdu. Layi ɗaya ne, kuma an karɓa. Na bayanshi suka fara gunaguni.

Na ce, "Baba, haka na'ura ta nuna."

Ya dube ni. "Wanda ya karɓa Isuhu Dogo ne. Ni Isuhu na Bakin Rijiya ne. Tun muna yara ba wanda ya taɓa haɗa mu sai kai, ɗana."

Na nemi inda zan rubuta laƙabi, babu. Ni da hannuna na kulle tablon don kada kowa ya ƙara komai.

Sai da maigari ya shaide shi aka auna mashi irinshi. Yau na cire dabarar, na buɗe tablon yadda mai rubutu zai ƙara gurbin da ya ga dama.

Amma waɗanda ba su yi gardama ba, suka koma gida hannu rabbana fa? Ku masu wannan aiki, ta taɓa cin ku haka?