Jar Motar Tariƙ Ta Dawo Unguwa

Ya jama'a, ku ji abin da idona ya gani a ƙofar gidanmu yau!

Da hantsi aka jawo wata jar mota, gajerun nan masu ƙofa biyu da gudun tsiya. Wani dattijo ne ya kawo wa ɗana Usman gyara, da yake shi usta ne, wato makanike. Wai abin kulle sitiyarin ya lalace, ya ƙi saki.

Ya ce, "Ya usta, cire shi kawai mu huta."

Usman har ya ɗauko kayan aiki. Ni kuwa na fito musu da shayi. Ina leƙawa ciki, sai ga rigar kujera kore da fari. Innalillahi! Saƙar hannuna ce! Ni na saƙa wa Tariƙ, ɗan maƙwabciyarmu Hajja Nafisa, kafin yaƙi ya kore su Masar a kwashe musu gida.

Na ce, "Usman, dakata! Motar Tariƙ ce!"

Dattijo ya ce, "Ya hajja, wallahi saya na yi a garin Bahri!"

Usman ya kira Tariƙ ta bidiyo. Yaron nan sai kuka, yana ce mini: "Inna, ita ce!"

Jikin dattijo ya yi sanyi, har ya ba ni tausayi. Ya ce, "Yanzu ba za ka cire ba?"

Ɗana ya ce, "Baba, ka gafarce ni, hannuna ba zai taɓa ba sai mai ita ya zo."

Bawan Allah ya damƙa mini mabuɗin motar, ya tare raksha, babur mai ƙafa uku, ya tafi.

Alhamdulillah, na haifi ɗa!