Ranar da Na Tsayar da Injin da ke Aiki Lafiya

Shekarun baya, tun ina iya tuƙa keke daga unguwarmu ta Daura a Karaye har bakin aiki ban tsaya hutawa ba, na yi aikin akawu a wani kamfanin matsar man gyaɗa da ke kan hanyar Rogo. Karatuna bai wuce sakandare ba. An ɗauke ni ne saboda rubutuna yana karantuwa, kuma ba na ajiye abu inda ba wurinsa ba.

Aikina shi ne rarraba katunan gyara. Duk wanda ya ga matsala a jikin inji, makaniki ne ko lebura, zai zo tagar ofishina ya faɗa. In rubuta a kati, in sa hannu, sannan in jefa shi a akwatin da ya dace. Akwatuna uku ne a jikin bango. Ja na injin da ya lalace ne ko yake barazana ga mutum, kuma da zarar kati ya faɗa ciki sai a kashe injin a hau gyara. Rawaya na abin da ya samu matsala amma zai iya jira, kamar bututu mai ɗiga. Kore kuwa na hidimar da lokacinta ya zagayo ne, irin su sa giris da canza bel da ɗaure noti. Ita wannan ranar Juma'a da safe ake yin ta, da yake ba a kunna injuna sai an sauko daga masallaci.

Mai kamfanin ya kafa doka cewa katin da akawu ya sa a ja, ko manaja ba shi da ikon cire shi. Amma da sharaɗi. Idan aka tsayar da inji aka buɗe ba a ga komai ba, na farko gargaɗi ne, na biyu sallama. Ni kuwa na riga na ci na farko. Ina wata biyu da kama aiki wani lebura ya zo a guje ya ce inji na ƙara mai ban tsoro. Ban ko leƙa ba na jefa ja. Aka kashe, aka kwance, aka duba har azahar, ashe wani fallen kwanon rufi ne iska ke bugawa a saman injin. Na yi wata guda ba na iya wuce rumfar mai shayi, sai wani ya ɗaga murya ya ce, “Malam Akawu, kofina na ƙara, ko za a sa masa ja?”

Tun daga nan na ɗaure. Na tsara tambayoyina bi da bi, ba na tsallake ko ɗaya. Ya tsaya? Yana zafi? Yana hayaƙi? Akwai haɗari ga mutum? In duk amsar a'a ce, to ja ta haramta, ko waye ya zo da maganar.

Akwai wani dattijo mutumin Zoza, shi ne babba a cikin makanikai. Kowa Baba yake ce masa. Bai yi boko ba, ba ya rubuta kati da kansa, kuma ya girmi injunan da yake gyarawa. Yana ɗingishi kaɗan, ba ya sauri a komai, ba ya kuma ɗaukar tsarina da muhimmanci yadda nake so.

Wata Laraba da safe, a tsakiyar kakar gyaɗa, ya zo tagata. A lokacin motocin manoma daga Kafin Dafga da ƙauyukan Rogo sun yi layi har wajen ƙofa, injuna biyun matsa suna aiki ba hutu, ƙanshin tunkuza ya cika ko'ina.

“Salamu alaikum, Malam Akawu. An tashi lafiya? Ya iyali? Ya akwatuna, duk sun kwana lafiya?”

“Lafiya lau, Baba. Ya ƙafar?”

“Ƙafa da sauƙi. Ɗauko katinka.”

Na ɗauko, na gyara biro. “Wane inji?”

“Na biyu.”

“Me ya same shi?”

“Bai same shi ba tukuna.”

Na ɗaga kai na dube shi, sannan na bi tambayoyina. Ya tsaya? Ya ce yana aiki. Yana zafi? A'a. Hayaƙi? Babu. Mai yana fita? Ya ce kamar ruwan famfo.

“To Baba, me zan rubuta?”

“Rubuta yana nishi. Kuma ka sa a ja.”

Na ajiye biron. Na yi masa bayani a tsanake, kamar bai fi ni sanin wurin ba. Na ce injin da bai lalace ba ba na ja ba ne. Ba na rawaya ba ne, don babu abin da za a nuna a ce ga matsala. Kore ma lokacinsa bai yi ba, amma don girmansa zan sa a kore, jibi Juma'a a duba.

“Ɗana,” in ji shi, “kai ko mutuwa ce ta zo tagar nan, sai ka tambaye ta tana hayaƙi. Ba zai kai Juma'a ba. Taso.”

Ba na barin tebur a lokacin aiki, amma na tashi. A ɗakin injuna ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai sai ya kawo baki kunnenka. Baba ya zaro wata doguwar sukudireba, ya kafa bakinta a murfin da ke ƙarshen injin, ya manna ƙotarta a ƙashin bayan kunnena. Na ji ruri kawai. Ya yi mini alama da ido, na girgiza kai. Bai yi fushi ba. Ya ɗebo ruwa a ƙaramin kwano ya ɗora a kan inji na ɗaya, ruwan ya yi ta rawa iri ɗaya ba canji. Ya ɗauke ya ɗora a kan na biyu, ya riƙe wuyan hannuna, ya fara matsawa da babban yatsa duk lokacin da sandar ƙarfen da ke murƙushe gyaɗa a ciki ta yi zagaye ɗaya. Ya ce daidai matsawar in dubi ruwan.

Na duba har idona ya yi hawaye. Kamar na ga ruwan yana ɗan zabura. Kamar kuma ban gani ba.

Muna fitowa muka yi kiciɓis da manaja. Mutum ne mai kirki amma kakar gyaɗa tana mayar da shi wani daban. Baba ya faɗa masa. Manaja ya dubi layin motoci, ya dubi agogo.

“Baba, don Allah. Kwana biyu kacal. Inji yana zubar da mai haka, in kashe shi saboda nishi? Ni ma nishin nake yi tun asuba, wa ya kashe ni?”

“Ranka ya daɗe, kai in ka karye za a kai ka gida. Shi in ya karye da gyaɗa a cikinsa, sai ya cinye haƙoran giyar da ke juya shi, kuma har kaka ta wuce ba a haɗa shi ba.”

Manaja ya juyo gare ni. “Malam, kati naka ne, doka ta ba ka. Ba zan hana ka ba. Amma kana da gargaɗi ɗaya a rubuce, kuma ka san ba ni na kafa dokar ba.”

Na koma ofis na zauna da katin a gabana. Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zuwa raina ba inji ba ne. Matata ce da cikinta ya tsufa, da mahaifiyata da take faɗa wa duk wanda ya shigo gidanmu cewa ɗanta yana aikin ofis. Na yi tunanin yadda zan tura keke zuwa gida da tsakar rana, a tambaye ni lafiya. In na sa kore kuma injin ya karye gobe, babu mai kama ni da laifi, don tambayoyina duk an amsa su da a'a. Tsarina yana kare ni ta kowace fuska. Baba ne kawai ba ya cikin tsarin.

Yana tsaye a taga bai tafi ba. Ya daina zolaya.

“Baba, in aka buɗe ba a ga komai ba fa?”

“To na cuce ka. Ba ni da abin da zan ba ka a madadin aikinka, kuma ba zan yi maka rantsuwa ba, gaibu sai Allah. Abin da na ji shi na faɗa maka.”

Da ya cika baki, da ban sa ba. Na rubuta “yana nishi” da hannuna, na sa hannu, na jefa a ja.

Da injin ya yi shiru sai wurin ya zama kamar an cire masa rabi. Direbobi suka fara gunaguni, leburori suka taru. Makanikai suka kwashe gyaɗar ciki, suka kwance murfin, suka zaro boris, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da sandar take juyawa a cikinsa. Aka wanke shi, aka juya shi a hannu. Sumul. Aka haska wuyan sandar da tocila, yana ƙyalli kamar sabo. Sai da aka kai la'asar ana dubawa, babu komai.

Manaja ya juyo. Ya dube ni sau ɗaya, kuma a kallon na ga tausayi, wanda ya fi mini faɗa ciwo. Na fara lissafa abin da nake da shi a ofis da zan kwasa: biro biyu, kofi, dardumar salla.

Baba ya ce, “Ku kawo kananzir.”

Ya jiƙa tsumma ya shafe wuyan sandar sosai, ya bari ya ɗan jima, sannan ya goge shi ƙarƙaf da busasshen tsumma har babu sauran danshi. Ya juyo gare ni.

“Malam Akawu, allin da kake rubuta mana doka da shi a allo, ba ni aro. Yau ya yi aiki.”

Na kawo. Ya murƙushe shi a tafin hannu, ya kwaɓa da ruwa kaɗan, ya shafe wuyan sandar har ya yi fari fat. Muka tsaya jiran ya bushe. Ba wanda ya san abin da ake jira sai shi. Da ya bushe, ya ɗauki ƙaramar guduma ya ƙwanƙwasa sandar sau uku a hankali, ya ja da baya, ya harɗe hannu.

Da farko babu komai. Can sai wani ɗigo mai duhu ya bayyana a kan farin allin. Sai ya fara tafiya. A gaban idonmu ya miƙe ya zama zare, siriri kamar gashi, ya bi wuyan sandar yana zagayawa har ya wuce rabi. Kananzir ɗin da ya shige cikin tsagar ne yake fitowa, alli yana tsotse shi. Ƙarfe mai kaurin cinyar mutum, ido da tocila sun ce lafiyarsa ƙalau, ashe fiye da rabinsa ya rabu.

Wani direba da tun ɗazu yake masifa ya ce, “Subhanallahi,” a hankali. Manaja ya durƙusa a kan gwiwa da fararen kayansa a cikin baƙin mai, ya kai fuska kusa, ya daɗe bai ɗago ba.

“Baba, wannan ka ji? Cikin wannan rurin?”

“Duk zagaye ɗaya tsagar tana buɗe baki ta rufe, ranka ya daɗe. Tun Litinin take faɗa, jiya ta ƙara murya.”

Ni dai sai na zauna a kan buhun gyaɗa. Ba murnar aikina ya tsira ce ta fara kama ni ba, al'ajabi ne. Ni da Baba muka sa kunne a wuri ɗaya, da sukudireba ɗaya, amma shi kaɗai ya ji.

Akwai tsohuwar sanda mai kyau a sito, da ita aka maye gurbin, kuma washegari da hantsi injin ya koma aiki. Manaja ya kira ni ofis. Bai yi maganar sallama ba, bai kuma yabe ni ba. Katin ya ajiye a gabana ya ce, “A tsarinka, wannan na wane akwati ne?” Na ce gaskiya ba na ko ɗaya ba ne. Ya ce to sai a nemi kafinta. Haka aka yi akwati na huɗu, fari, na injin da yake aiki, lokacin hidimarsa bai yi ba, amma wani mai sani ya ji ko ya ga alama. Katin da ya shiga nan ana duba shi a ranar, kuma ko ba a samu komai ba babu laifin kowa. Daga baya na ji cewa manyan kamfanoni suna da irin wannan rukuni, har da na'urorin da ke auna girgizar inji. Mu namu ma'aunin yana zuwa ne da ɗingishi daga Zoza.

Na ci gaba da aikin shekaru masu yawa, kuma har yau ni mutum ne mai son abu ya bi layi. Ban yi nadamar tambayoyina ba, sun hana ɓarna da yawa. Abin da na gane shi ne duk suna tambayar abin da ya riga ya faru ne, shi kuwa dattijon nan abin da yake tafe yake saurare. Na roƙe shi ya koya mini. Ya yi ƙoƙari, Allah ya jiƙansa, ya sha manna mini ƙotar sukudireba a bayan kunne yana cewa, “To yanzu fa?” Ban taɓa jin komai ba sai ruri.

Mutanen da suka san labarin sukan ce na yi jarumta. Ni na san ban ga ruwan nan ya zabura ba, ko kuma ban tabbata na gani ba. Na ɗora aikina ne a kan kunnen wani, don ya ƙi yi mini alkawarin da ba shi da ikon cikawa. Kuma duk lokacin da na tuna baƙin zaren nan yana tafiya shi kaɗai a kan farin alli, sai in ajiye abin da ke hannuna in yi tasbihi ga wanda ya ba bawansa irin wannan ji.