Pan Mai Gyara da Koren Fakitin Gugguru

Jawo kujerar nan ka zauna, shayin bai huce ba tukuna, in ba ka labarin Pan Kuo-hsiung, mai gyaran kwamfuta a kasuwar nan ta ƙarƙashin gada a Taipei, mutumin da bakinsa ya fi hannunsa iya aiki.

Rumfarsa ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Gajere ne mai tumbi, leɓɓansa kullum ja wur saboda goron betel, yana tofarwa a kofin roba kusa da injin mutane. Duk kwamfutar da ta fita daga hannunsa sai ya ɗora mata koren fakitin gugguru mai ɗanɗanon kwakwa. Ba shi ya ƙirƙiro wannan ba, kowa yana yi, har manyan ofisoshi: kore ake sawa ba rawaya ba, ba a buɗewa, ba a ci, don inji ya zauna lafiya. Sai dai sauran masu gyara suna ɗorawa suna dariya. Pan kuwa da hannu biyu yake ɗorawa, fuska a murtuke, kamar mai ajiye turare a gaban kakanninsa.

Abin da ya mallaka a duniya suna ne, sunan kuma a bakin mace ɗaya yake rataye. Madam Yeh Shu-chen mai ɗaukar bidiyon biki ce, duk masu wannan sana'a a unguwar ita suke saurara. Da ta ce Pan ya iya, sai suka yi ta kwaso masa injinansu. Ran da ta ce bai iya ba, ko kare ba zai leƙa rumfarsa ba, kuma Pan ya san haka sarai. Shi ya haɗa mata kwamfutar da take tace bidiyo da ita.

Wata ranar ruwa sai ga ta a fusace, mijinta Tseng Fu-lai yana biye da ita rungume da kwamfutar. Fu-lai mutum ne shiru-shiru, aikinsa ɗaukar fitilu da tuƙa babur.

"Maigida Pan, me ka haɗa min ne, inji ko kunkuru?" in ji ta. "Amarya tana tafiya a bidiyo kamar mai ciwon ƙafa, kiɗa yana sarƙewa. Dangin ango kuma suna son kaset kafin walimar ziyarar amarya gidan iyayenta."

"Yaya, kwantar da hankalinki. Cutar da ta zo wurin boka ai ta zo kabarinta."

Ya kunna, ya leƙa inda ake ganin yadda faifan ajiya ke aika bayanai. Hanya biyu ce. Akwai DMA, wadda faifai ke zuba kayansa kai tsaye cikin sauri. Akwai kuma PIO, wadda sai ƙwaƙwalwar inji ta bar aikinta ta riƙa ɗibar bayanan cokali-cokali. Idan manhaja ta ga kuskure yana yawaita a hanya mai sauri, sai ta sauko da faifan ƙasa, ta bar shi can. Na Madam Yeh ya sauko har PIO. Pan ya goge direba, wato ɗan shirin da ke kula da wannan hanya, ya sake kunna inji, direban ya dawo sabo, sauri ya dawo. Ya gyara zaman koren fakitin, ya sallame su yana hura hanci.

Ba a yi kwana nawa ba suka dawo. Kunkurun ya koma kunkuru.

Nan Pan ya tuna abin da ya yi. Ranar da ya haɗa injin, sababbin wayoyin haɗa faifai da inji masu siraran zare sun ƙare masa, sai dai in ya hau bene ya sayo, taliyarsa mai naman shanu kuma tana hucewa. Sai ya zaro tsohuwar waya mai kaurin zare daga aljihun tebur ya cusa. Sabon faifai mai gudu a kan tsohuwar waya, dole kuskure ya yi ta zuwa. Ko sau dubu ya goge direba, nan za a dawo. Maganin bai fi buɗe murfi da sauya waya ba. Amma a gaban Madam Yeh, mai idon shaho? Za ta tambayi wanda ya sa tsohuwar.

Yana ta zufa yana danne-danne, sai idonsa ya faɗa kan fakitin. Ya saɓule, gefensa ya yage.

"Af!" Ya ja da baya kamar ya ga maciji. "Wa ya buɗe wannan?"

"A kan babur ya fashe," in ji Fu-lai. "Gwiwata ce ta danne shi."

"Gwiwa? Ɗan'uwa Tseng, yaushe gwiwa ta yi haƙora? Ina rabin guggurun?"

"Ya zube a titi mana."

Madam Yeh ta juyo a hankali. Abin takaicin, Fu-lai mutum ne mai ƙwalama, aljihunsa ba ya rabuwa da gyaɗa.

"Tsohon banza! Abincin gidan bai ishe ka ba sai ka ci na inji?"

"Uwar yara, na rantse da kabarin mahaifina..."

"Rufe min baki, kar ka tayar da tsoho don gugguru."

Pan ya girgiza kai irin na mai tausayi. Ya ce su je kantin bakin titi su sayo sabo, su biyun, ita ta zaɓa da hannunta, shi kuma ya biyo ta don inji ya ga ya tuba. Suna ba da baya ya kwance murfi, ya fizge tsohuwar waya, ya cusa ta cikin kwalin abincin da ya ci ya tura ƙarƙashin tebur, ya sa sabuwa, ya goge direba. Tunda nake ban taɓa jin ya yi aiki da sauri haka ba. Ko da suka dawo yana zaune yana sakace.

Aka ɗora sabon fakiti, aka kunna. Amarya ta taka lafiya lau, kiɗa ya tafi sumul. Dangin ango suka sami kaset ɗinsu a kan lokaci, injin bai sake saukowa ba.

Madam Yeh ta baza labari, har daga wasu unguwanni aka riƙa kawo wa Pan aiki. Fu-lai kuwa an hana shi shiga ɗakin tace bidiyo a gidansa. A wurin biki, in ya wuce da fitila, abokan aiki sai su rungume kyamarorinsu suna cewa, "Ku ɓoye gugguru, ga Ɓera nan!" Yakan yi murmushi kawai ya wuce. Pan da kansa, in ya hango shi, sai ya ɗaga murya: "Ɗan'uwa Tseng, ka karya kumallo dai ko?"

Ya yi ta ba da labarin ga duk wanda ya tsaya a rumfarsa, yana ƙara gishiri, har na ga alamar shi ma ya fara yarda cewa Fu-lai ya ci guggurun.

To kai da ka saurara, in da injinka ne ya koma kunkuru, aka nuna maka yagaggen fakiti da mutumin gidanka tsaye yana rantsuwa, murfin za ka ce a buɗe, ko bakinsa za ka shinshina?