Motar Kawu Mamman Ba Ta da Gaba

Duk wanda ya san Kawu Mamman ya san igiyar nan tasa. Wata tsohuwar igiyar takalmi ce da ta yi baƙi ƙirin don datti, kullum tana naɗe a wuyan hannunsa na hagu. Baƙi kan ɗauka laya ce, alhali ma'auni ce. Da ita yake auna falanshi, katakon nan mai taya huɗu da 'ya'yan masu kuɗi ke hawa suna wasa. Shi a kansa ya yi rayuwarsa kaf, don shan inna ta cinye masa ƙafafu tun yana goye a Maraɗi. Ba ya ma ce masa falanshi. Motata yake cewa.

Ni ce Rabi, ɗiyar yayarsa, ga waɗanda suka manta ni. Gida ɗaya muka zauna da shi a unguwar Belleville, cikin Treichville, kuma ba na jin akwai wanda ya sha faɗa da shi kamar ni. Teburinsa na gyaran agogo yana kasuwar Black Market a Adjamé, kusa da masu kayan gwanjo. In aka kwance dila aka ga falanshi a ciki, shi ake fara kira. Sai ya kife shi a cinya, ya kwance igiya, ya auna daga taya zuwa bakin katako, ya danne wurin da farce, ya juya ya auna ɗaya gefen. In aka sami bambanci ko da na ƙwayar shinkafa, sai ya ture.

"Wannan yana da kai," in ji shi.

Mai kayan ya kira shi kawu da Faransanci, ya ce, "Tonton, haka Turawa suke yin sa, gaba ya ɗan fi baya."

"To ka kai wa Turawan su hau."

Mutane suna cewa taurin kai ne. Taurin kan akwai shi, wallahi, buhu-buhu. Amma akwai dalili. Kun san lungun gidanmu, wanda mace mai jiki sai ta karkace take wucewa. Lungunan kasuwa ma haka suke. Babu filin juya falanshi, don haka Kawu ba ya juya motarsa, kansa yake juyawa. Ya dafa ƙasa da silifan da yake sawa a tafin hannu, ya murɗa jiki a kan katakon, baya ya koma gaba. In bakin biyu ba daidai suke ba, katakon zai ɗaga ya kayar da shi. In ya faɗi kuwa, wani mai tausayi zai rugo ya ɗauke shi, abin da ya fi tsana ke nan a duniya. Kakata ta goya shi har ya yi wayo, yana jin abin da mutane ke faɗa a bayansu. Tun ranar da ya sauka daga bayanta ya yi rantsuwa, kuma mun ji ta har mun gaji: "Sau ɗaya za a sake ɗaukata, ranar makara."

Wani ɗan kamasho a tashar Gare de Bassam bai san da wannan rantsuwa ba. Ya ga gurgu zai shiga woro-woro, tasin nan na haya, ya zo da kyakkyawar niyya ya cusa hannu a hammatarsa. Kafin ya ɗaga, silifa ta sauka a kunnensa.

"Buhun shinkafa ka gan ni?"

Mutumin yana riƙe da kunne yana ta pardon, yana ba da haƙuri, Kawu ya kama ƙofa ya ja jikinsa ciki, ya jawo motarsa ya ɗora a cinya. Sannan ya leƙo ta taga ya ce masa ya gode. Ni da nake tare da shi na rasa inda zan sa fuskata don kunya.

Keken guragu ma an taɓa ba shi, wata ƙungiya ce ta raba. Ya zagaye shi, ya ga hannaye biyu a baya, ya tambayi Inna, wato mahaifiyata, na mene ne. Ta ce na mai turawa ne. Ya ce, "To, na mai turawar ne ke nan, Yaya, ba nawa ba." A kan keken nan randar gidanmu ta zauna har ya ruɓe.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na Alhaji Sule, Bakanon nan mai shigo da kaya, wanda Kawu yake gyara wa agoguna. Mutumin kirki. Ya yi tafiya ya dawo masa da tsaraba, falanshi sabo dal a leda, ja da ruwan zinariya, gabansa tsini, bayansa faɗi ya ɗan tashi sama. Kawu ko igiya bai kwance ba.

"Alhaji, Allah ya saka da alheri. Amma wannan kifi ne, ga kai ga wutsiya."

Ni ce na matsa masa. Na ce haba Kawu, mutum ya ɗauko abu daga wata duniya, ka ce masa kifi? Na yi ta masifa har Inna ta sa baki, ya ce to zai hau don kunyar Alhaji. Da yamma ya shigo lungu a kan kifinsa lafiya lau, yara suna tafi. Washegari da safe ana ruwa ya fito, ya dafa ƙasa ya murɗa, tsinin nan bai ɗauki ƙafafunsa ba, katako ya tashi ya zubar da shi cikin ruwan kwata a tsakiyar lungu.

Nan ya zauna. Maza suka taso, ya ɗaga silifa. Masu zuwa aiki sun tsaya a bayansa, mai tallan atceke, abincin rogon nan, da tirenta a ka ta tsaya a gabansa, ba mai shiga ba mai fita, ruwa yana dukan kowa. Inna tana roƙo, ni ina zagi. Shi kuwa ko a jikinsa.

"Rabi, tunda ke kika ɗaura auren nan, je ki aro mini zarto wurin kafinta."

A cikin ruwan ya auna da igiyarsa, ya yanke tsinin, ya yanke wutsiyar, ya hau abin da ya rage ya tafi kasuwa jiƙe sharkaf. Guntayen kuwa ya naɗe a jarida ya kai wa Alhaji, wai ga ragowar kifinsa, ba ya cin amana. Alhaji ya yi dariya har da hawaye. Ni sai da na yi kwanaki ban yi masa magana ba.

Daga baya gari ya lalace, kun sani. Aka fara duba sunan mutum kafin a duba fuskarsa. Shinge ko'ina, kowa da kakinsa, ba ka san na hukuma ba, ba ka san na gayya ba, kowa papiye yake tambaya, wato takardun shaida. Wata ranar wasu suka tare woro-woron da yake ciki kusa da gada, suka sauke masu irin sunanmu. Ɗayansu ya tsaya a kansa ya ce daga ina, zuwa ina. Da ya yi shiru da an wuce wurin. Amma Kawu ne. Ya nuna motarsa ya ce, "Duba ka gaya mini ina gabanta, sai ka san inda za ni."

Mutumin ya ɗauki katakon ya buga a bakin kwalta har ya rabe biyu, ya watsa a kwata. Da aka sake su, wani Bajule, ɗan arewacin ƙasar, da aka sauke tare da shi ya durƙusa ya ba shi baya, ya ce don Allah ya hau. Kawu ya ƙi. Da hannu ya ja jikinsa tun daga can har Belleville. Da ya iso, silifan sun tsinke, tafin hannunsa nama ne tsagwaro. Inna tana wanke masa tana kuka. Ni kuma don baƙin ciki na ce masa girman kai zai kashe shi. Ya ce, "Ai da ya kashe ni da a ce an goyo ni, ɗiyata. Zuba ruwan a hankali."

Wannan ne lokacin da na fi jin tsoro a kansa. Ba mota, ba fita. Ya zauna a ɗaki yana kallon bango, ya daina faɗa, ya daina tsokanar Inna, abinci ma sai an matsa. Kayan gwanjo sun yi ƙaranci, duk falanshin da aka kawo masa ya auna ya ture. Na ce ya karɓi ko wanne ne mana, a yanke. Ya ce wanda aka yanke ba ya daɗewa, ruwa yana shiga katakon ya buɗe. Ran nan na gaji, na miƙa hannu na ce ya ba ni igiyar. Ya daɗe yana kallona kafin ya kwance ta.

Na bi Black Market rumfa-rumfa, mace da zane da mayafi tana durƙusawa tana auna abin wasan yara da igiyar takalmi. 'Yan kasuwa suna cewa ciwon Tonton ya kama ɗiyarsa. Na sha zuwa ina dawowa hannu wofi, har Allah ya haɗa ni da wani koɗaɗɗe, fentinsa duk ya goge, amma nan da nan ɗaya. Na kai masa. Ya auna, ya juya, ya sake aunawa, ya ɗora a yatsa ya ga bai rinjaya ba. Na tsaya jiran godiya.

"Tayar hagu tana kuka," in ji shi.

Na ce Allah ya isa tsakanina da shi. Ya yi dariya, karon farko tun ranar gada, kuma a kan wannan katakon ya ƙarasa shekarunsa.

Sai rikicin bayan zaɓe, a 2011. Ba sai na ba ku labari ba, da yawanku kuna kwance a ƙasan gado kamar mu. Kasuwa ta rufe, famfo ya ɗauke, harbi ba dare ba rana. Maganin hawan jinin Inna ya ƙare, ƙafafunta suka kumbura. Maza majiya ƙarfi a gidan ba wanda ya iya leƙa titi, kuma ban ga laifinsu ba. Kawu ya sa silifansa a hannu. Na tare ƙofa.

"Matsa, Rabi. Harsashi tsayin mutum yake bi. Ni a ƙasa nake, sai ya sunkuya kafin ya same ni."

Haka ya dinga fita da safe in harbi ya ɗan lafa. Ya dawo da burodi, ya dawo da jarkar ruwa a cinya, ya rarraba wa gida yana mita wai mun mai da shi jaki. Magani ne bai samu ba. Rannan aka ce wani mai farmasi wajen Gare de Bassam yana sayarwa ta ƙofar baya, ya tafi.

Hantsi ya yi sai muka ji ƙarar tayar nan ta hagu a bakin lungu, a hankali, tana tsayawa tana ci gaba. Na leƙa. Bayansa na fara gani. Harsashi ya same shi a ciki yana fuskantar titi, ba shi da ƙarfin murɗa jiki, sai kawai ya dinga tura ƙasa da baya-baya, motar kuwa ba ruwanta, ta kawo shi har ƙofar ɗaki. Rigarsa ta jiƙe da jini. Ya ciro ƙunshin magani daga aljihu.

"Ga shi, Yaya. Ɗaya da safe, kar ki ce na manta ban faɗa ba."

Na yi kansa zan rungume shi in shigar da shi ɗaki. Ya ɗaga silifa, da kyar ta tashi.

"Ke. Ban mutu ba tukuna."

Na ja da baya. Wallahi na ja da baya, na durƙusa a gefensa na riƙe masa hannu kawai. Inna tana laƙƙana masa kalmar shahada yana bi, a zaune a kan motarsa, ya jingina da bango. Kafin azahar ya cika.

Washegari aka samo makara daga masallaci, sai ta ƙi shiga lungu. An karkata ta, an miƙe ta, ta ƙi. Aka bar ta a bakin titi. Liman ya ce tunda ba nauyi gare shi ba, wani ya saɓo shi a kafaɗa zuwa wurin makarar. Ban san lokacin da na fito tsakiyar maza ba. Na ce Malam, a yi mini haƙuri, makara ya ce, bai ce kafaɗa ba. Na je na wanke falanshin na kawo.

Suka shimfiɗa tabarma a kai. Ɗan jikin nan cikin likkafani bai fi katakon da yawa ba. Wani dattijo ya tsaya yana jujjuya shi, ya ce ta wane gefe za a sa kan. Na buɗe baki, dariya da kuka suka taho mini tare. Na ce, "Baba, ko ta ina. Duk ɗaya ne, ni na auna."

Haka ya fita daga lungun nan a kan tayoyinsa, ta hagun tana kuka, har bakin titi. Can suka ɗaga shi.

Igiyar tana wurina. Inna ta sha maganin, ta ƙara shekaru a duniya.

Allah ya jiƙan Kawu Mamman, ya yafe masa kaifin bakinsa, ya yalwata masa kabari fiye da lungunmu. Ranar tashi kuma, ya Allah, ka tashe shi a kan ƙafafunsa, ya taka da kansa ya shiga Aljanna. Amin.