A Ina Kayan Suke Kwana?

Da hantsi Malam Mu'awiyya yake ɗaure jakarsa a bayan tsohon mashin ɗinsa ya bar Ikara. Yau Makarfi, gobe Kudan, jibi ya ratsa ƙauyuka. Wakilin wani kamfanin inshora ne, irin ta Musulunci da ake kira takaful, kuma a wannan yawon ya yi furfura. In ya isa rumfar mutum ba ya gaggawar buɗe jaka. Zai gaisa, ya tambayi iyali da ciniki, sannan ya jefo tambayar da ta ɓata shi da rabin 'yan kasuwarmu: "Kayan nan, a ina suke kwana?"

Ni dai har gobe in na ga mai jaka yana yawan murmushi, aljihuna nake dafewa, kuma ba ni kaɗai ba. Mun ga masu zuwa su karɓa, ranar asara a kira wayarsu a ji ta a kashe. To ga wani ya zo, bai tsaya a karɓa ba, sai ya ga ɗakin ajiya da idonsa. A wajenmu kuwa ɗan kasuwa ba ya nuna inda ya tara kayansa. Buhu biyu yake bari a shago, sauran yana can gidan wani ɗan'uwa a ƙauye, saboda ɓarayi da 'yan haraji da dangi masu ido. Shi ya sa aka yi ta ce masa ɗan leƙen asirin 'yan haraji, wasu ma suka ce na ɓarayi. In ya zo wucewa sai a janyo buhu a rufe abin da ke fili.

Hajiya Ummulhairi mai busasshen barkono ta fi kowa taurin kai. Tun da mijinta ya rasu, barkonon nan take saye da kaka ta ajiye sai ya yi tsada, da shi take riƙe gida. Ta kira shi ne don wata ƙawarta ta yi gobara a kasuwa. Maƙwabcin shagonta Ja'afaru yana wurin, shi ya ba ni labari.

"Malam, inshorar shago nake so, mai sauƙin nan. Rubuta ka tafi."

"Hajiya, in shagon nan ya ƙone, Allah ya kiyaye, me kika rasa?"

"Ina ruwanka?"

"Buhu biyu nake gani da sikeli. Ba wannan ne ke ciyar da gidanki ba. In na rubuta shago, shago kaɗai za a biya. Abin da ke wani wuri ba ruwan kamfani da shi."

"'Ya'yana ma ba su san wurin ba, sai kai?"

"To ki riƙe kuɗinki, Hajiya. Ba zan sayar miki da abin da ba zai amfane ki ba."

Ya ɗaure jakarsa ya tafi. Ja'afaru ya ce tafiyar ce ta fi tayar mata da hankali, don ba ta taɓa ganin macucin da ya bar kuɗi a tabarma ba. Ta yi ta bincike a kansa, har wajen limamin unguwarsu ta je. Daga baya ta sa ya rantse, ta kai shi ƙauyen Malikanchi, wani ɗaki a bayan gidan yayarta, cike da buhuna har rufi. Ya duba ya ce ɗakin za a yi wa inshorar gobara, a ƙara da ta hanya tunda a mota ake kai kayan Makarfi. Ta shagon kuma ya ce ta bar ta, ɓarnar kuɗi ne.

Da bazara ta zo, wani ya sa wuta a gonarsa yana sharar gona, iska ta kwaso ta zuwa dangar gidan. Tsakar rana ce, amma hayaƙin barkono bai bar kowa ya matsa kusa ba. Ɗakin ya ƙone ƙurmus.

Kafin toka ta huce magana ta zaga Ikara: ai mai inshorar nan kaɗai ya san wurin. Malam Mu'awiyya, ka ji wannan da kunnenka, na kuma ga yadda aka daina amsa maka sallama a bakin kasuwa. Abin ya yi mini zafi, don duk wanda ke yaɗa maganar ya san daga gona wutar ta taso. Ba ka tsaya wanke kanka ba. Kai ne ka kawo mai binciken kamfani har Malikanchi, shi ma yana ta zargin me ya kai barkonon 'yar Ikara ƙauye, ka tsaya a kansa har aka biya ta. Da kaka ta zagayo, Hajiya Ummulhairi ta sake sayen barkono.

Bana Malam Mu'awiyya yake ajiye aiki, gwiwa ta ƙi mashin. Har yanzu akwai masu janyo buhu in sun hango shi. 'Yan kasuwa, ni ma ban ce ku yarda da kowane kamfani ba. Amma duk wanda ya zo sayar muku da inshora bai tambayi inda kayanku suke kwana ba, ku ba shi ruwa ya sha ya kama hanya. Masu shigowa aikin kuma, ku koyi barin kuɗi a tabarma.

Ranar da ya kai Khairiyya, wadda za ta gaje shi, ta gaida Hajiya, Hajiya ta ƙare mata kallo sama da ƙasa, sannan ta juya gare shi.

"Na sauya wa kayan wuri. Ita ban san ta ba. Kai zan gaya wa, in ka ga ta isa ka gaya mata."

Mun gode, Malam Mu'awiyya, mai riƙon asirin kasuwa. Allah ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa namu.